Na'urar yatsa da jan numfashi: da gaske tana sauke damuwa ko dai ruɗin kai ne?

Mai POS: Slm 'yan uwa barkanmu da dare. Dan Allah tambaya gareni ga ma'aikatan lafiyan gidan nan, kuma kar a min dariya. Kun san 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa wadda aka rinƙa saye lokacin Korona a 2020? Akwai wadda muka saya wa tsohonmu, tun da Allah ya masa rasuwa tana cikin durowa. To ni kusan wata huɗu kenan ina fama da faɗuwar gaba, musamman in netwok ya tsaya, an cire wa mutum kuɗinsa ni kuma basu shigo min ba, yana tsaye a kaina yana zazzaga masifa ga layi ya taru. Sai in ji gabana na dukan uku-uku, tafin hannuna ya jiƙe ya yi sanyi ƙalau, ƙeyata ta riƙe. Na je asibiti an ɗibi jini an yi awon zuciya, likita yace lafiyata lau, damuwa ce kawai in rage tunani, kamar tunani wata riga ce da zan cire in rataye. Shekaranjiya sai kawai na sa wa na'urar batir na tafi da ita shago. Ana gama wata rigima na maƙala, ta nuna bugun zuciya 104. Na zauna kan benci ina jan numfashi a hankali ina sakewa a hankali idona kan lambar, wlh ina kallo tana sauka, 98, 93, 90, har 82 cikin kamar minti biyar. Da na tuno kuɗin adashen da zan zuba ranar Juma'a ta koma 89. Abin ya ban tsoro ya kuma ban dariya. Wannan magani ne ko yaudarar kaina nake?

Ɗan Gwagwarmaya: Hhhhh na'ura ma ta san adashe. Malam ba numfashi ne matsalarka ba, jari ne. A zuba maka miliyan biyu a akawun yanzu mu ga ko bata sauka 60 ba.

Mai POS: Ai nace kar a min dariya kai kuwa.

Anti Nas: Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya jiƙan Baba. Ba ruɗi bane, abin da ka yi yana da suna ma, bayofidbak ake ce masa. Ma'anarsa dai a sauƙaƙe, na'ura ta auno wani abu da jikinka ke yi wanda kai baka ji, ta nuna maka shi nan take, kai kuma ka gwada canza shi kana gani da idonka ko ya canzu. Kamar madubi ne, mace bata iya saka kwalli daidai sai ta duba, amma ai ba madubin ne ya saka mata ba. Bugun zuciyar babba a zaune 60 zuwa 100 ne a minti, numfashi kuma 12 zuwa 20. In ranka ya ɓaci jiki na sakin wani sinadari mai suna adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jinin yatsu su tsuke shi yasa hannunka ke sanyi, gumi ya tsatso, tsokar wuya ta ɗaure. Duk abin da ka lissafa kenan. Sai dai zan ɗan rage maka murna, wanda ya gama rigima ya zauna minti biyar ko bai yi komai ba bugun zai sauka da kansa. Don haka baka san nawa ne na numfashin nawa ne na zaman ba.

Baba Mai Ritaya: Assalamu alaikum. Ni abin da ke ban mamaki da yaran yanzu, komai sai Bature ya sa masa batir sannan ku yarda. Allah ya faɗa a Suratur Ra'ad aya ta 28 cewa da ambatonsa ne zukata ke natsuwa. Manzon Allah SAW yace wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Shekara talatin da biyar na yi ina aikin gwamnati, an riƙe mana albashi, an mana canjin wurin aiki na zalunci, carbi na riƙe ba na'ura ba. Ɗana ka yi alwala ka ja istigfari, ka mayar da abin mamaci inda ka ɗauko.

Ɗalibin Likitanci: Baba Allah ya ƙara girma, ni a ganina ba faɗa tsakanin maganarka da ta Anti. Akwai wani likita ɗan Italiya, Luciano Bernardi, shi da abokan aikinsa sun fitar da bincike a 2001 a mujallar likitocin Birtaniya. Sun auna masu jan carbin Kiristoci da harshen Latin da masu maimaita kalmomin yoga, suka tarar duka biyun numfashinsu na sauka zuwa kusan 6 a minti ba tare da sun yi niyya ba, saboda tsawon jimlar da ake faɗa kafin a sake shaƙar iska. Kuma 6 ɗin nan ba lamba ce ta banza ba. Duk lokacin da ka shaƙi iska zuciya na ɗan ƙara sauri, in ka fesar ta ɗan rage, ta hanyar wata doguwar jijiya mai suna bagus da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi wuya ta sauka ƙirji da ciki, ita ce birkin zuciya. A wajen numfashi 6 a minti wannan hawa da saukar yake haɗuwa daidai da tsarin da jiki ke daidaita ƙarfin jini da shi, sai lilon ya yi faɗi sosai, kamar mai tura yaro a lilo in ya dace da lokacin turawa. Paul Lehrer a Amurka da Evgeny Vaschillo ɗan Rasha su suka yi fice a wannan aikin. Ban ce sun auna masu zikiri ba, amma wanda ya zauna bayan Asuba yana jan salati a natse, sai ya kai ƙarshe yake shaƙar iska, ku lissafa da kanku sau nawa yake numfashi a minti.

Baba Mai Ritaya: To ka gani. Sai a 2001 suka gano abin da kakata ta sani.

Ɗalibin Likitanci: Haka ne Baba, amma kaka bata da hanyar nuna wa wanda bai iya ba inda yake kuskure. Wani yana jan carbi da gudu kamar ana binsa, kafaɗa a ɗage, haƙora a cije, hankali na kasuwa. Shi a ganinsa ya natsu. Na'urar ce zata ce masa a'a.

Baba Mai Ritaya: Ibada ba don saukar da lamba ake yinta ba yaro, a kiyaye wannan.

Ɗalibin Likitanci: Na karɓi gyara Baba, ba haka nake nufi ba.

Baƙon Jamus: Ku ban dama in sa baki don ni an min shi a asibiti nan inda nake. Aikin ɗaukar kaya nake a sito, shekara biyu ina ciwon kai kullum yamma kamar an ɗaura min rawani an matse, na sha farasitamol har na gaji. Aka tura ni wajen wata mata, ɗakinta ba allura ba magani, kujera ce kawai da kwamfuta. Ta goge min goshi da kafaɗu da auduga ta manna wasu 'yan faifai masu waya, ta sa min wani abu a yatsu biyu na awon gumi, ɗaya kuma na awon ɗumin yatsa. Tace in saki jikina. Nace ai a sake nake. Ta juyo min da allon, ga wani layi can sama yana rawa, ga ƙara tana fita ƙiiii, tace wannan kafaɗarka ce ta dama, aiki take kamar kana ɗauke da kwali. Wlh ni ban ji komai ba, na saba da ita a haka har na ɗauka haka Allah ya halicce ta. Tace in ɗaga kafaɗun har kunne in riƙe, sannan in sake su faɗi. Ƙarar ta yi ƙasa ta koma kamar kukan sauro daga nesa. Sai tace in fara cire 7 daga 1000 da baki da sauri, kafin in kai 979 layin gumi ya harba sama. Abin dariyar, muna cikin haka wayata ta yi ƙara a aljihu, ban ma ciro ba, na dai san ƙarshen wata ne kuma daga gida ne, duka layukan suka tashi tare. Matar ta kalle ni tace waye wannan, nace 'yan uwa ne. Zuwa takwas na yi, sati-sati. Yanzu ba na'ura amma ina cikin aiki sai in ji kafaɗar ta fara hawa, in sauke ta. Ciwon kan bai tafi gaba ɗaya ba amma daga kullum ya koma sai jefi-jefi.

Ɗan Gwagwarmaya: Yauwa kun ji ko, kiran gida ne ya tada layin. Maganata ta fito. Ku a Jamus kuna da inshorar lafiya, mu nan mutum bai ci na rana ba za a ce ya zauna yana ƙirga numfashi. Ni abin da ke ƙona min rai da irin wannan, ana mayar da laifin kan talaka ne, wai kai ne baka iya sarrafa damuwarka ba, alhali mudun shinkafa ne ya fi ƙarfinsa.

Anti Nas: Ɗan Gwagwarmaya ban ƙi taka ba, numfashi baya biyan kuɗin haya. Amma ni nake kwana a ɗakin marasa lafiya, ina ganin 'yan shekara arba'in da shanyewar ɓarin jiki. Bashin yana nan, shi kuma ga shi kwance, iyali sun shiga uku biyu. In akwai abin da zai sa mutum ya samu barci ya tashi da ƙarfin fita nema, kuma kyauta ne, me zai sa a raina shi? Ba wanda yace ka daina ƙorafin tsadar rayuwa.

Ɗan Gwagwarmaya: Kyauta ina? Na'urar fa?

Anti Nas: Yatsu biyu a kan jijiyar wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ka duba agogo ka ƙirga na daƙiƙa 30 ka ninka biyu. Nawa ka biya?

Oga Direba: Anti ni tambayata daban. Ina shan maganin hawan jini shekara uku, kuɗinsa ya ninka, in na dage da wannan numfashin zan iya ajiye shi? Don in na zauna na huta kafin a auna ni a kemis yakan nuna 135 bisa 85.

Anti Nas: A'a. A'a Oga, dan girman Allah kar ka soma. 135 ɗin da kake gani ai da maganin a jikinka ne. Numfashi a hankali na iya sauke awo na ɗan lokaci, amma a kan hawan jini sakamakon binciken bayofidbak bai tsaya wuri ɗaya ba, wani ya ga ɗan amfani wani bai gani ba, ba likitan da zai ce ya maye gurbin ƙwaya. Kuma hawan jini baya sallama, kana jin garau yana cin ƙoda da ido. Ga ka da motar mutane a hannu. In tsada ce ka koma wa likitanka kace ya duba maka mai sauƙin kuɗi, akwai su. Ka yi numfashin a kan maganin, ba a madadinsa ba.

Oga Direba: To Anti na ji, Allah ya saka.

Ɗalibin Likitanci: Ƙari kan maganar Anti, shi fannin nan tun farkonsa akwai zuzutawa a ciki. A shekarun 1960 wani masani Neal Miller ya ba da rahoton cewa ya koya wa ɓeraye ƙara bugun zuciyarsu ko rage shi don samun lada, duniya ta ɗauka, daga baya shi da kansa da ɗalibansa suka yi ta maimaita gwajin abin ya ƙi fitowa kamar da, kuma ya fito ya faɗa. Sunan bayofidbak ɗin a 1969 aka tsayar da shi a wani taro a Santa Monika ta jihar Kalifoniya. A 1970 Elmer Green da matarsa Alyce a cibiyar Menninger da ke Kansas suka auna wani ɗan yoga daga Indiya, Swami Rama, ya ɗumama gefe ɗaya na tafin hannunsa ɗaya gefen ya yi sanyi. Daga nan 'yan kasuwa suka shigo da akwatunan da wai zasu koya maka sarrafa wani motsin lantarkin ƙwaƙwalwa da ake kira alfa ka zama waliyyi a sati biyu, yawanci shirme. Inda aka fi samun hujja mai ƙarfi shi ne ciwon ɓarin kai da ake koyon ɗumama hannu dominsa, ciwon kai na ɗaurewar tsoka irin na yayanmu na Jamus, da matsalar riƙe fitsari da wani nau'in taurin bayan gida inda ake koya wa tsokar ƙasan mara aiki. Fargaba da damuwa ma ana ganin sauƙi, sai dai sau da yawa in aka kwatanta da wanda aka koya wa sakin jiki ba na'ura, tazarar ba yawa.

Baba Mai Ritaya: Wato dai mun dawo kan carbina.

Maman 'Yan Biyu: Ni kam bari in faɗi nawa don kar wata ta faɗa ramin da na faɗa. Maigidan ne ya kawo min agogon nan mai koren haske a ƙasa, yana nuna bugun zuciya har da wata lamba wai ta damuwa. Wlh tun da na ɗaura shi ban ƙara samun sukuni ba, ina tuƙa tuwo in duba, ina shayarwa in duba, cikin dare in farka in ga 96 sai gabana ya faɗi, in sake dubawa ya zama 105 don tsoron da na ji, in tashi maigida ince zuciyata zata tsaya. Sati uku muna haka har ya ƙwace ya kulle a mota. Ni dai ƙara min ciwo ya yi.

Anti Nas: Sannu Maman Biyu, kuma ba ke kaɗai ba, muna ganin irinku. Bambancin shi ne ke gadi kike yi ba koyo ba. Abin ana ware masa lokaci ne, minti goma ko sha biyar, a zauna a yi a cire a ajiye, ba a yini ana leƙe ba. Mai yawan tsoron cuta kam gara ma ya yi numfashinsa ido rufe. Lambar damuwar agogo kuma kar ki ɗauke ta wahayi, ƙiyasi ne daga tazarar bugun zuciya, in agogon ya yi sako-sako ko kina motsa hannu sai ya faɗi abin da ya ga dama. Amma ke da kike shayar da biyu, kin je an duba jininki kuwa? Ƙarancin jini na sa zuciya gudu, haka matsalar maƙoƙo. Ki je a auna kafin mu ɗora wa tunani laifi.

Maman 'Yan Biyu: Tun haihuwa ban koma ba gaskiya. Zan je in sha Allah. Ni ciwon ɓarin kai ma nake yi tun ina budurwa, shi ɗumama hannun da Ɗalibi ya faɗa ya ake yinsa?

Ɗalibin Likitanci: Hajiya asali ana manna ma'aunin zafi ne a yatsa kina kallon lambar, ki saki jiki kina raya cewa hannunki na nauyi yana ɗumi kamar kin kara shi a murhu, in jiki ya saki jijiyoyin yatsu na buɗewa jini ya sauko lambar ta hau. Ma'aunin zazzaɓi na kemis bazai yi ba don daga wajen digiri 32 yake fara karatu, yatsa kuwa yakan yi ƙasa da haka. A gida ki taɓa yatsunki a kumatu kafin ki fara, ki sake taɓawa bayan minti goma, zaki ji bambanci in ya samu. Kar ki matsa wa kanki sai ya yi ɗumi dole, matsawar ce ke ƙara sanyaya shi.

Mai POS: Kai na gode Allah da na yi tambayar nan. Anti to ya zan yi nawa daidai? Don jiya da na gwada ja da ƙarfi sosai sai na ji jiri, leɓena na wani zir-zir.

Anti Nas: Ka cika ja ne, ka fitar da iskar kabon da yawa, shi ke kawo jirin da zir-zir ɗin. A hankali ake so, ba da yawa ba. Ka zauna ka jingina, hannu ɗaya a ciki, ka shaƙa ta hanci kana ƙirga 4 cikin ne zai taso ba ƙirji ba, ka saki ta baki kamar mai hura koko kana ƙirga 6. Goma kenan, sau 6 a minti. In ya maka tsawo fara da 3 da 5. Zaka ga lambar na ɗan hawa in ka shaƙa tana sauka in ka saki, kar ka tsorata, abin da ake nema kenan. Ka yi safe da dare lokacin da ba rigima, don ba ranar farauta ake kiwon kare ba. Lamba biyu na'urar ke nunawa, ta yawan iskar da ke cikin jini ka rabu da ita, ta bugun kawai zaka kalla. In yatsa ya yi sanyi da hunturu ka murza shi tukun, mata kuma jan farce mai duhu na iya hana ta karatu. Sannan faɗa min gaskiya, me kake sha a shagon nan?

Mai POS: Shayi da safe, goro ɗaya ko biyu, sai lemon ƙarfin nan na gwangwani in barci ya dame ni, wani lokacin biyu.

Anti Nas: Tab. Kana taka totur kana taka birki kenan. Duka ukun akwai sinadarin kafeyin mai sa zuciya gudu a ciki. Ajiye na gwangwanin tukun. Kuma in ka taɓa jin ciwo a ƙirji mai tafiya hannu ko muƙamuƙi, ko numfashi ya gagara, ko ka suma, ba zancen na'urar yatsa, asibiti kai tsaye.

Ɗan Gwagwarmaya: Ni dai har yanzu ina kan bakana, zaman ne ya sauke masa ba wani ƙirge ba. Anti da kanta ta faɗa.

Ɗalibin Likitanci: To a gwada mana. Yaya Mai POS, gobe in an yi rigima ka zauna kawai minti biyar ka rufe lambar da hannu kar ka canza numfashi, ka rubuta farko da ƙarshe. Wata rigimar ka yi na Anti. Ka yi ta musanyawa har sati.

Mai POS: Rigima kam ba za a rasa ba, an gama.

Admin: Dan Allah masu turo tallan maganin gargajiya na hawan jini a ƙarƙashin wannan zancen, na goge uku, na huɗu fita ne.

Mai POS: Slm, na dawo da rahoto, kwana biyar dai na samu na yi don ranar Laraba batir ya mutu. Zama kawai sau uku: 101 zuwa 92, 99 zuwa 93, 106 zuwa 95. Da numfashin Anti sau uku: 103 zuwa 85, 100 zuwa 88, 97 zuwa 84. Na daina na gwangwanin tun ranar, goro dai na kasa. Abin da na fi lura da shi ba lambar bace, jiya wata hajiya na min faɗa kan dubu ashirin ɗinta sai na ji kafaɗata ta hau kamar yadda yayanmu na Jamus ya faɗa, na sauke ta tana cikin magana, ban ko ɗauko na'urar ba.

Ɗan Gwagwarmaya: Sau uku-uku ai ba bincike bane, kuma ka daina lemon, wa ya sani ko shi ne. Kuɗin hajiyar sun dawo?

Mai POS: Basu dawo ba tukun, tace gobe da ɗanta zata zo.

Baba Mai Ritaya: Ɗana in kana ƙirga shidan nan na fesarwa, sa Astagfirullah biyu a wurin, tsawonsu ɗaya, na gwada da agogo ɗazu bayan La'asar.

Anti Nas: Baba ashe kai ma ka auna kenan.

Baba Mai Ritaya: Jikata ce ta riƙe agogon.